Kunnen Kawu Fergus

Imogen Tarrant tana hawa matakalar zauren kiɗa a birnin Hobart ta jiyo sautin, sai ta tsaya cak. Kiɗan da ta tsara ne, amma kamar an sa masa rigar wani.

Tun lokacin sanyi take fama da hafsikod ɗin nan, tsohon abin kiɗa mai kama da fiyano. Tsirkiya ɗaya-ɗaya ta bi ta ɗaure, ba irin ɗaurin da kowa ya saba ba, sai da sautuka suka riƙa haɗuwa su kwanta luf, babu rawa a tsakaninsu. A kan wannan ɗaurin ta gina kiɗan da za a yi yau da yamma. Yanzu kuwa kowane sauti karkarwa yake yi.

Ta banka ƙofa. Noeline, mai kula da zauren, ta tare ta baki har kunne.

"Jiya na taɓa abin naki na ji duk ya karkace, shi ne na kira mai gyaran fiyano da safe. Ba sai kin gode ba."

Imogen ta wuce ta zuwa ciki. Ta dubi dandamali. Kawunta Fergus, wanda zai kaɗa kiɗan, yana zaune yana ta kaɗawa, ido a lumshe. Mutumin da ya koya mata saurare, wanda tana yarinya in ta kuskure sauti daga kicin yake kwaɗa mata tsawa.

Ya ɗago ya gan ta. "Zo ki ji, sarkin taurin kai! Ya kwanta kamar ruwan tafki. Wallahi kin fi ni."

Ta jira ya fashe da dariya, don ta san shi da tsokana. Bai yi dariya ba. Ta hau ta danna sautuka biyu, suka yi ta rigima da juna.

"Kawu, me ka ji?"

Bakinta yake kallo. "Tsaf," in ji shi.

Ta yanke shawarar gwada jinsa. Ta juya masa baya ta ce da ƙarfi, "An lalata ɗaurin gaba ɗaya!"

Fergus ya ci gaba da jera takardunsa. Noeline ta dafe ƙirji.

Da ya ga fuskokinsu, sai hannunsa ya tsaya.

"Tun yaushe ka daina ji?" Imogen ta tambaya.

"Tun bara. Yatsuna sun san hanya, sauran kuma a kaina nake ji." Ya sunkuyar da kai. "An taɓa shi, ko?"

Ta gyaɗa kai. Ta ciro maɗaurin tsirkiya daga jakarta. Shi yana danna mata, ita tana murɗawa, har mutane suka taru a waje.

Ya kaɗa kiɗan bai kuskure ko ɗaya ba. A hanyar gida ya saya musu soyayyen kifi da dankali. Nata ya huce a cinyarta, ko buɗe takardar ba ta yi ba.