Tayoyin Mai Faci

"Daga faɗuwar rana zuwa duhu," in ji matar mai faci. "Ka zauna a tsakiyar tayoyin nan daga kai sai singileti. In ba ka mari jikinka ba, na daina maganarsu har abada. In kuwa ka mara, gobe su bar mini gida."

"Na yarda, Gimbiya. A kira tela ya zama shaida, don na san halinki."

Ga mafarin rigimar. Matar tana da ciki, na bara kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya zubar da shi. Da ta je awo, malamar asibiti ta ba ta magani ta haɗiye a gabanta, ta ba ta gidan sauro, ta kuma ce kada a bar ruwa ya kwanta a gida. Shi mai faci ba mugu ba ne, da hannunsa ya kafa ƙusa ya ɗaura gidan sauron. Amma tsofaffin tayoyin da ya jibge a bayan ɗaki, waɗanda damina ta cika da ruwa, su ne ba a taɓawa. A wurinsa taya ba ta mutuwa, hutawa take yi. Sauro kuwa, ya ce daga kwatar titi yake zuwa.

Tela maƙwabcinsu ya iso da kujerarsa, ya kafa ta can nesa.

"Matso mana, shaida."

"Daga nan ma ina gani. Jinina bai kai naka yawa ba."

Abin da ba su sani ba, tun da rana mai faci ya sayo maganin sauro mai hayaƙi. Kafin su fito ya kunna, ya tura shi cikin wata busasshiyar taya a bayansa, a kan tsummokaran da yake goge baƙin mai. Ya zauna ya harɗe ƙafa yana fito.

Sauron da hayaƙin bai kai gare su ba suka sauka a idon sawunsa. Ya cije. Suka hau ƙeya. Ya fara rangaji yana karkaɗa kafaɗa.

"Maigida, rawa kake yi?"

"Waƙa na tuna."

"Ni dai ƙauri nake ji," in ji tela. "Ko waƙar ce ta kama?"

Mai faci ya waiga, sai ga tsumma yana ci da wuta, baƙin hayaƙi ya tasam ma tagar ɗaki. Ya zabura ya sungumi taya mafi kusa ya juye ruwanta a kai. Wuta ta mutu. Ragowar ruwan ya malale a kan ƙafafunsa, sai ga 'yan tsutsotsin da ke zama sauro burjik, suna ta mutsu-mutsu a tsakanin yatsunsa.

Ya tsaya yana kallonsu. Ya ɗago ya dubi cikin matarsa, ya dubi tagar da ke daf da tayoyin. Ana haka wani ƙaton sauro ya sauka a kuncinsa. Ya ɗaga hannu a hankali, yadda shaida zai gani da kyau, ya sharara wa kansa mari.

"Na ji a kunnena!" in ji tela.

Washegari wani mai yanka tsofaffin tayoyi yana yin takalma ya zo da kura ya kwashe tayoyin kaf, mai faci na bin sa a baya yana gaya masa tarihin kowace.

Riba dai ta Gimbiya ce da abin da ke cikinta, sai mai takalma da ya samu kaya a ɓagas. Asara kuwa ta faɗa wa sauro, da suka rasa gidan haihuwa, sai mai faci, wanda har yau in ya ratsa ta gaban shagon tela sai an tambaye shi wace waƙa ya tuna.