Kuɗin Ɗauko Shuhada

Shekara biyu Zaituna ba ta ɗinka sabuwar atamfa ba. Mijinta Rabe dillalin kifi ne a kasuwar Nguru, amma kan kifi take sa wa miya. Gero kuwa sai da kaka take zuwa Jajimaji ta auno, lokacin yana araha. Abin da ya ragu duk tana kulle shi a akwati.

Shekararsu goma sha ɗaya ba haihuwa. A Gashuwa akwai wata marainiya, Shuhada, mai ciwon sikila, kakarta ta gaza da ita, ta yarda ta ba su riƙonta. Zaituna ta ce ba za ta ɗauko yarinyar ba sai ta haɗa kuɗin maganinta na shekara guda.

Ranar da ta buɗe akwatin ta tarar babu komai.

"Yaya Muktar na ranta wa," in ji Rabe, kansa a ƙasa. "Firiza zai saya a shagonsa. Wana ne, ya zan yi?"

"Ka iya ba shi, ba ka iya gaya mini ba?"

Ko mayafi ba ta sake ba ta tafi tasha ta hau motar Gashuwa, inda shagon Muktar yake.

Muktar yana zaune a bakin shagonsa. Ta gaishe shi, ta ce ta zo karɓar kuɗin marainiya.

Ya yi dariya. "Haba Zaituna, kan 'yar wasu kike wannan tada jijiya? Ba jininmu ba ce, ta jira."

Ta ce, "Yaya, ciwon nata ma ka ce masa ya jira!"

Ta ja benci ta zauna a ƙofar shagon. Duk wanda ya zo sayen ruwan sanyi sai ta ce, "Sha da kyau, da kuɗin maganin marainiya aka sanyaya shi." Wasu suka ajiye suka tafi. Maƙwabta suka fara leƙowa.

Kafin la'asar Muktar ya watso mata kashi biyu cikin uku na kuɗin, yana huci. Ta duƙa ta tsince tas, ta wuce gidan kakar Shuhada.

Da Shuhada a bayanta ta koma Nguru. Rabe ya miƙo hannu zai karɓi yarinyar, ta ba shi, amma kwana tara ba ta ce masa uffan ba. Ragowar kuɗin har yau Muktar bai biya ba, ita ma ba ta ƙara taka gidansa ba.