Jikar Baron na Ƙarshe

Da ɗana Uwaisu ya ce surukinsa basarake ne daga ƙasar Ireland, na taho Landan ina tsammanin fada. Ina! Wani ɗan flat na tarar, 'yan ɗakuna a gidan bene a unguwar Lewisham, da tsoho mai yawan tari, wai shi ne mai sarautar Baron Kilbrannock, da kansa yake dafa shayinsa.

Haihuwar Zarah ce ta kawo ni, 'yar Uwaisu da matarsa Orla, wadda ita kaɗai tsohon ya haifa. Kullum da la'asar zai zo ya ɗauki jaririyar, idonsa ya kawo ruwa. Na tambayi Uwaisu dalili.

Ya ce, "Inna, sarautarsu ba ta bin mace. Daga uba sai ɗa, haka aka kafa ta tun zamanin kakanninsu. Mazan gidan sun ƙare. Ran da ya mutu, ta mutu."

"To masu zaɓen sarki fa?"

"Babu su."

"Sai ya ƙara aure mana."

Ɗan nan ba shi da ta ido, ya fassara masa. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce ba sarautar yake ji ba, ba ta da gona, ba ta da talaka ko ɗaya. Abin da ke cin ransa shi ne ba wanda zai ƙara ambaton waɗanda suka riƙe ta.

Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce ya faɗa mini su. Akwai Cormac da ya gina gada, da Owen da aka ƙwace wa ƙasa, da Donal da ya ciyar da jama'a lokacin yunwa. Sunaye masu karya harshe, amma a gidanmu ba a goyon jika ba kirari.

Washegari yana shigowa na ɗaga Zarah ina mata rawa. "Jikar Cormac mai gada, jikar Owen marar tsoron rashi, jikar Donal maganin yunwa, 'yar Orla farar uwa."

Ya tsaya a bakin ƙofa, Uwaisu na fassara masa a hankali.

Tsohon ya ce, "Ta sa Orla a ciki. Ba a taɓa sa mace ba."

Na ce, "Mu muna sawa. Wa ya haifi mazan?"

Ya zauna, ya miƙo hannu na ba shi yarinyar. Ya ce, "To ki sake daga farko. Sunan mahaifiyata Nuala."