Takardar da Shayi Ya Cinye Lambarta

Shekara goma sha tara Malam Sifili yana koyar da lissafi a jami'a, bai taɓa riƙe sunan ɗalibi ko ɗaya ba. Wai sunaye cinye wuri suke yi a ƙwaƙwalwa. "Kai mai jar riga," "ke mai tabarau," shi ke nan. Ɗalibai suka rama, suka raɗa masa Sifili, don shi ne makin da hannunsa ya fi sabawa da shi.

Ranar Litinin da hantsi yana ofis yana duba takardun gwaji, ɗari biyu da arba'in. Duba dai irin nasa: ya leƙa shafin ƙarshe, in amsa ta yi ya ba da maki, in ba ta yi ba ya zana ƙwai. A ƙasan wata takarda ya ci karo da layi biyu da ba lissafi ba:

"Malam, kada ka wahalar da kanka da duba tawa. Kafin sakamako ya fito ba na duniyar."

Ya karanta sau uku. Ya juya gaba don ganin lamba, domin a sashensu ba a rubuta suna a takardar gwaji. Inda lambar take, wata da'ira ce ruwan ƙasa. Tun safe a nan yake ɗora kofin shayinsa.

Sakamako kuwa ranar Juma'a za a liƙa shi.

Ya miƙa wa Dakta, abokiyar ofishinsa. "Wasan yara ne, ko?"

"Ko wasa ne, ka ɗauke shi gaske," in ji ta. "Cire lambobin sauran daga rajista, wadda ta rage ita ce."

Ya bincika. Ashe shayi ya ci lamba talatin da ɗaya, rajistar kuma bai taɓa buɗe ta ba, bai ma san inda take ba.

Dakta ta dube shi ta saman tabarau. "Allah Ya shirye ka. In ka samu mai ita, ka tambaye shi kai tsaye, ban da kewaye-kewaye. Sannan ka kai shi wurin mai ba ɗalibai shawara."

"Muna da ita?"

"Ƙofa ta uku daga taka. Shekararta shida a can."

Abu ɗaya ya rage masa, rubutun hannu. Mai takardar yana yi wa harafin "k" wata jela kamar ƙugiyar kama kifi. Ranar Talata ya shiga aji ya ce kowa ya rubuta: "Kaza ta kwana a kan keke."

Aji ya yi tsit, ana neman inda lissafin yake. Shugabar aji ce kawai ta yi dariya. Ita ce dama mai yi masa dariya in ya yi barkwancinsa marar gishiri, ita ke goge allo, ita ke raba takardu ta tattara. Ta raba, ta tattara, ta ɗaure da roba ta kai masa ofis.

Ya ware mutum bakwai masu jela a "k", ya kira su ɗaya bayan ɗaya ranar Laraba. Ya gyara murya, ya yi abin da yake zaton murmushi ne.

"Kana lafiya? Kana samun barci?"

Na farko ya durƙusa. "Malam, wallahi sau ɗaya na taɓa sa takarda a safa!"

Na biyu ya fashe da kuka, ya ce shi ne ya zana Malam da kunnen jaki a bayan allo, amma kunnen ba shi ya ƙara musu tsawo ba.

Na uku ya ce shi ba ɗan ajin ba ne ma, tarihi yake karantawa, fankar ɗakin ce take kawo shi.

Kafin na bakwai ya fita, labari ya gama sashe cewa Malam Sifili yana tambayar lafiyar mutane, a yi masa addu'a.

Alhamis ta zo, bai samu kowa ba. Abinci ya ƙi shiga. Ya ɗauko takardar ya duba ta layi-layi, abin da ya daɗe bai yi wa kowa ba. Maki casa'in da huɗu ta ci. Mai wannan ƙwaƙwalwar yana zaune a gabansa wata huɗu, shi kuwa ko kalar rigarsa bai sani ba.

Ya ɗaga kofin shayi zai ajiye a kan wata 'yar takarda, sai hannunsa ya tsaya a sama. Ya duba tukuna. Ita ce wadda shugabar aji ta rubuta ta maƙala a ƙunshin ranar Talata: "Takardun kaza da keke, ɗari biyu da talatin da tara." Kowace "k" da jelarta.

Mai tattara takardu ba ta rubuta tata.

Ranar aka ga Malam Sifili yana gudu, takalmi ɗaya ya zauna a matakala. Ya same ta ita kaɗai a aji tana goge allo.

"Ke... shugaba."

"Na'am, Malam? Ina ɗaya takalmin?" Ta fara dariya, ta ga takardar a hannunsa, dariyar ta mutu.

Ya tuna maganar Dakta. "Kina tunanin kashe kanki?"

Ta dubi magogin allon da ke hannunta. "E."

"Me ya sa ni kika rubuta wa?"

"Shafin ƙarshe kawai kake karantawa, shi ya sa na sa a can. Na ce ko dai ka gani, ko ka zana ƙwai." Ta share ido, alli ya ɓata mata kunci. "Kowa aikena yake yi, Malam. Gida da makaranta. Na gaji."

Ya karɓi magogin daga hannunta ya ajiye.

"Ban iya magana ba, 'yata. Amma akwai wadda ta iya, kuma ba zan tafi in bar ki ba. Wa za mu kira a gida?"

"Yayata."

"To, mu je."

Ya wuce gaba yana ɗingishi, ya ƙirga ƙofofi uku daga ofishinsa, ya ƙwanƙwasa da ladabi, ya yi sallama.

Shugabar ta ce, "Malam, nan ɗakin ajiye tsintsiya ne. Ta wancan gefen ake ƙirgawa."

Mai ba da shawara ta shigar da ita, ta ce shi ya jira yayar a benci. Kafin a rufe ƙofa ya ce, "Tsaya. Yaya sunanki?"

Ta faɗa. Ya maimaita sau uku, ya rubuta a tafin hannu don tsaro. Da aka kawo masa shayi, ya riƙe kofin da ɗaya hannun, bai ajiye shi a ko'ina ba.