Taku Ɗari da Tamanin da Bakwai

Sunana Ɗantani. Duk wanda ya ci kasuwar Wudil ranar Juma'a bai ji sunana ba, to a bakin titi ya tsaya, bai shiga ciki ba. Ban yi boko ba, allo ma a izu biyu na jingine shi. Malam Nu'uman na jami'a ne yake rubuta wannan, na kuwa gaya masa in ya gyara mini kalma ɗaya ban yafe ba.

Agana ta kama ni ta sake ni, ga tambarinta nan a fuskata. Kogi ya tafi da ni sau biyu ya dawo da ni. Likitan da ya ce ba zan ga damina ba, da ni aka yi masa salla. To ku ji abin da ya faru da kakar bana.

Garinmu na asali sunansa Unguwar Shuni, can bayan Kausani. Kufai ne yanzu, tun shekarar agana ba wanda ya sake kwana a cikinsa. Yahuza, jikan wani abokina, shi ya sayi filin zai yi noman rani. Ya sare itatuwa, ya ce mai tarakta ya zo ranar Asabar. Na aika masa cewa akwai maƙabarta a wurin, uwata ma tana ciki. Yaron yana da kirki, da kansa ya zo ya durƙusa.

"Baba, in ka nuna mini wurin, wallahi garma ba za ta taɓa shi ba. Amma ba zan bar fili guda saboda 'an ce' ba."

Na ce, "Ranar Alhamis ka jira ni a can da sassafe. Ido rufe zan nuna maka."

Malam Nu'uman ilimin ƙasar noma yake koyarwa, amma Allah ya ɗora masa son tarihin ƙauyuka. Da ya ji labari ya ce zai kai ni a mota. Na ce motarsa ta huta, ƙafar da ta je Gaya ta dawo a yini ɗaya ba a ɗaukar ta kamar buhu. Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, shi da littafinsa da wani siririn rodi na gwada ƙasa, ni da sandata.

Kaka ta yi kyau bana. Dawa a tsaye ta sunkuyar da kai, an girbe gero an jera dammuna, raɓa tana jiƙa mana bakin wando. Na riƙa nuna masa abubuwa yana rubutawa. Nan rijiyar da jakin Sarkin Noma ya faɗa, ni na shiga na ɗaura masa igiya. Can burtalin da Fulani suke bi da shanu zuwa kogi. A unguwar maƙera muka tarar har an hura wuta, suka taso da gaisuwa.

"Baba Ɗantani, ina kwana? Ina gajiya? Yaya ƙarfin jiki?"

"Ƙarfin jiki ku za a tambaya. Wannan guduma ce ko muciya?"

Suka yi dariya, suka ba mu gyaɗa sabuwar cira.

Gaba kaɗan gidan Suwaiba yake. Taubashiyata ce, 'yar ƙanwar babana, ita ma a Unguwar Shuni aka haife ta, amma a goye aka fito da ita. Muka same ta tana ba kaji dusa.

"A'a, yau bawana ne da sassafe? Malam, ina ka tsinto wannan tsohon kwando?"

"Ke tafi can, uwar kaji. Tarihi muke yi, ba aikin yara ba ne."

Ta kawo mana koko a ƙwarya, muka zauna a gindin darbejiya. Nan na ba Malam asalin gari. Kakana Magaji marini ne, daga gabas ya zo da jaki ɗaya da buhun baba, ganyen da ake rini da shi. Ya haƙa rijiyar rini, mutane suka taru a kansa, har marinarsa ta kai rijiya goma sha biyu. Fatake daga arewa sukan kwana uku suna jiran rawani.

Suwaiba ta ce, "Bakwai ne. Inna ta gaya mini."

"Goma sha biyu."

"Malam, rubuta bakwai. Shi wannan in ya ga fara ɗaya sai ya ce an yi fari."

Malam ya rubuta duka biyun, na gani da idona. Da muka tashi ta yafa mayafi ta ce sai ta bi mu ta ga yadda zan ji kunya. A hanya Malam ya tambaye ni da me zan gane wurin, tunda an sare itatuwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ranar na faɗa.

Ina ɗan shekara takwas agana ta shigo mana, da kaka kamar yanzu. Ta kwantar da ni, ta kwantar da uwata. Ni na tashi, ita ba ta tashi ba. Ƙuraje sun liƙe mini idanu, ko tafin hannuna ba na gani. Da gari zai watse, babana ya ce in zo in yi mata addu'a kafin mu tafi. Daga bakin babbar rijiyar rini muka tashi, ina riƙe da gefen rigarsa, rana tana dukan goshina. Da yake ba na gani, sai na riƙa ƙirga takuna don kada wurin ya ɓace mini. Ɗari da tamanin da bakwai. Shekara saba'in da wani abu ke nan, ban taɓa barin ɗaya ya zube ba.

Muka isa rana ta ɗaga kamar tsayin mashi biyu. Yahuza yana nan yana jira. Na dubi filin. Tsamiya babu, kuka babu, fili fetal kamar faifai. Sai dai marina ba ta ɓuya. Inda aka shekara ana zubar da tokar rini ƙasar takan yi fari-fari, ciyawa ba ta son ta. Malam ya duƙa ya murza ƙasar a yatsunsa ya ce lalle nan ne. Muka share da ƙafa, bakunan rijiyoyi suka fito a zagaye, duk sun cike. Suwaiba ta ƙirga da ƙarfi har bakwai, ta dube ni.

Na ce, "Sauran biyar ƙasa ta cinye."

Na tsaya a bakin babbar, na fuskanci rana. Ga Yahuza yana kallo, ga malamin jami'a, ga wannan matar. Sai na miƙa wa Malam sandata, na gyara hula, na buɗa ƙafa irin tafiyar da nake yi ina ɗan talatin. Ina tafe ina ƙirgawa da ƙarfi. Ɗari da tamanin da bakwai ta kai ni bakin wani kwari. Malam ya soka rodi nan, ya soka can, har wuri goma. Yashi kawai.

Yahuza ya ce a hankali, "Baba, ko dai a bari? Allah ya ga niyyarka."

Na koma bakin marina da ƙyar, na zauna a ƙasa. Na tuna ranar Asabar jibi ce. Na ga garma tana bi ta kan matar da ta haife ni, ni kuwa ina gari ina cika baki a kasuwa.

Suwaiba ta zo ta tsaya a kaina. Na jira dariyarta, amma muryarta ƙasa-ƙasa ta fito.

"Ɗantani, wa kake yi wa wannan tafiyar raƙumin? Yaron da ya ƙirga takun nan ciwo ya cinye shi, ko gani ba ya yi. Ka yi tafiyarka ta kullum mana, wadda kake yi in za ka masallaci kana zaton ba mai kallonka."

Ka ji mace. Ashe leƙena take yi.

Na tashi. Na ce wa Malam ya shiga gabana, kada ya ja ni, ni zan tura shi. Na kama gefen rigarsa, na rufe ido, na juya har na ji rana a tsakiyar goshina. Sannan na saki ƙafafuna suka yi abin da suka saba, ɗan taku kaɗan-kaɗan, tafin ƙafa yana jan ƙasa. Ban ƙirga da ƙarfi ba wannan karon. Wajen taku na ɗari sai na ji kamar warin baba yana tashi daga rigar da nake riƙe da ita, alhali rigar Malam turare take yi. Na ci gaba har lissafi ya cika, na tsaya.

Da na buɗe ido, ko rabin tafiyar farko ban yi ba. Malam ya sa rodi a hankali. Bai kai kamu biyu ba muka ji ƙwas. Yahuza ya durƙusa ya share ƙasa da hannunsa, sai ga bayan tukunya, ga wata a jikinta, a jere, irin yadda magabata suke rufe kabari da fasassun tukwane. Ya matsa gefe ya gwada, nan ma akwai. Ya mayar da ƙasa ya rufe, ya cire hularsa ya sake sawa.

Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, ita da duk waɗanda suke kwance tare da ita. Suwaiba daga nesa ta tsaya tana shafawa. Ban san wanne ne na uwata a ciki ba, amma na san ina tsaye inda babana ya tsayar da ni.

Kafin azahar Yahuza ya kafa turaku ya zagaye wurin, ya ƙara taku ashirin kowane gefe, da irin takunsa na mai ƙarfi. Ya ce da damina zai dasa bi-ni-da-zugu ya zama shinge. Ranar Asabar tarakta ta zo ta yi aikinta, ta kewaye.

Da za mu koma Malam ya kira a kawo mota, na kuwa shiga, saboda Suwaiba ce ta gaji. A ciki take ce mini wai ita ta gano wurin. Na ce ta ji da shi, baki ne nata, ƙafa tawa ce. A duk ƙasar Wudil a nemo mini wani tsohon da takunsa ya koma daidai da na ɗan shekara takwas, ko ɗaya bai kuskure ba. Malam, rubuta wannan. Rijiyoyin kuma ka bar su goma sha biyu.