Baba Mlotshwa da Tafkin Rami na Bakwai

Tsundum! Ƙwallon ta sake faɗawa cikin tafkin.

"Ta haye?" Baba Mlotshwa ya tambaye ni, alhali kunnensa ya riga ya ba shi amsa.

"Ta tafi wanka," na ce. "Baba, mu matsa jan turke ka buga daga can mana."

"Ni? Wurin mata? MaNkiwane, ki kiyaye ni."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Tun da idonsa ya yi rauni aka hana shi tuƙi, ni nake ɗaukarsa duk Laraba mu tafi filin golf na hukumar garinmu, inda kowa ke shiga: malaman makaranta, masu kanti, tsofaffin direbobin jirgin ƙasa irinsa. Da ƙuruciya jakar Turawa yake ɗauka a filin nan, lokacin da baƙin mutum bai isa ya riƙe sanda ba. Shi ya sa ba ya wasa da wasan.

Da can filin busasshe ne, ƙasa kamar siminti. Baba ba ya ɗaga ƙwallo sama, gangara ta yake yi, ta yi ta gudu har gindin tuta. Sai bara hukuma ta ce tana son manyan gasa, ta ɗauko wasu masana daga waje. Suka baza ramukan yashi, suka bar ciyawa ta kai gwiwa, suka haƙa tafki a gaban rami na bakwai, a garin da famfo ke yin fushi da mu kullum. Yanzu wanda bai iya cilla ƙwallo ta tsallake ruwa ba, ya koma gida.

Maza daga farin turke suke bugun farko, mu mata daga ja, wanda ya fi kusa da ruwan. Babu dokar da ta hana tsoho zuwa jan turke, bakin abokai ne kawai. Abokan nasa kuwa tafkin ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Gumbo, wanda ya fi kowa baki, ya jingine sandunansa ya koma barandar kulob da kwalbar giya. Baba kaɗai ya rantse ba zai daina ba sai ƙwallonsa ta sauka a ƙetaren ruwan nan. Ni dai na gaji. Na gaji da rantsuwar, na gaji da warin tafkin, na gaji da shirun da yake yi a mota idan muna komawa.

Da sanyi ya shigo, zuciyarsa ta fara ba shi wahala. 'Yarsa Nokuthaba ta same ni ina shanya.

"Mama, don Allah kada ki ƙara kai shi. Likita ya ce ko tsakar gida kada ya share."

Na yi mata alkawari. Larabobi suka wuce, ina jiyo tarinsa ta katanga.

Wata Laraba da safe, bayan Nokuthaba ta tafi aiki, na fito na tarar da shi jingine da motata. Wandon ya yi masa yawa, ya ɗaure shi da tsohon nakatai na wuya. Sanda ɗaya ce a hannunsa.

"Baba, na yi wa yarinyar nan alkawari."

"Ni ma na yi wa ruwan can alkawari, kuma nawa ya riga naki. In ba ki kai ni ba, da ƙafa zan tafi, ki san abin da za ki gaya mata."

Na san zai aikata. Na buɗe masa ƙofa ina jin haushin kaina.

Da muka isa filin, Gumbo na baranda. "A'a, Mlotshwa! Ka zo ciyar da kwaɗi? Sun rame da ba ka nan!"

"Gara ni," in ji Baba. "Kai kwalba ce ta yi maka ritaya."

Ba mu buga sauran ramukan ba, kai tsaye muka nufi na bakwai, yana tafiya yana hutawa. A farin turke ya gyara tsayuwa, ya buga. Ƙwallon ta ɗan gangara ta tsaya cikin ciyawa. Ko ruwan ba ta kai ba.

Ya dogara da sandarsa. Tausayinsa ya kama ni har na kawar da kai.

"MaNkiwane, daga barandar can ana hango nan?"

"Bishiyoyi sun tare."

"To kama mini hannu."

Muka gangara jan turke. Ban yi masa tsiya ba, ko da yake ta zo mini har baki. Na dasa masa ƙwallo, na nuna masa saitin tuta. Ya ja numfashi ya buga, ya karkata kai yana saurare. Shiru. Rana ta kashe mini ido, ni ma ban ga inda ta sauka ba.

"Ban ji ruwa ba," ya ce. Ya lallaba ya zauna a bencin da ke gefe. "Je ki gani da idonki. Kuma ban da ƙarya irin ta masu duba mara lafiya."

Na kewaya tafkin da sauri gwargwadon gwiwoyina. Na duba bakin ruwa, na duba yashi. Can na gan ta, fara fes a kan gajeriyar ciyawa, ba nisa da tuta.

"Baba! Ta haye! Wallahi ta haye!"

Na ɗaga hannuwa biyu ina kaɗawa kamar yarinya. Bai ɗaga nasa ba. Yana zaune yadda na bar shi, haɓarsa a ƙirji, sandar kwance a cinyarsa. Na sake kira, ban sani ba ko ya ji na farkon.

Mai yankan ciyawa da ke wucewa ta bayan bencin ya kashe injinsa. Ya sauko, ya sunkuya ya dube shi. Sannan mutumin ya miƙe a hankali, ya cire hularsa, yadda ake yi wa mamaci a garinmu.