Ƙafa Ɗaya a Maamobi

Latifa ta sake duba kwamfutar, kanta ya ƙara ɗaurewa. Tsofaffin da ta koya wa atisaye sun ƙware a tsayuwa da ƙafa ɗaya, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma waɗanda ba ta koya wa komai ba su ma sun ƙware, daidai wa daida.

Bincikenta na digiri na biyu ke nan: ko atisaye zai rage wa tsofaffi faɗuwa. Ta raba matan unguwarsu, Maamobi, gida biyu. Kashi ɗaya tana koya musu a harabar Islamiyya, ɗayan kuwa awo kawai take yi musu a kan faifan gwajin tsayuwa, don a samu abin kwatantawa. In babu bambanci, babu digiri. Malaminta, Dakta Abdulmajeed, ya riga ya sa mata ranar tsayawa gaban kwamiti.

Ta zargi faifan. Ta ɗauke shi a motar haya, trotro, har jami'a, aka ce lafiyarsa lau. Ta sake lissafi, ya fito yadda yake.

Ranar Asabar uwarta ta ja ta gidan suna a unguwar Nima. Tana zagayawa bayan rumfa neman ruwa ta yi turus. Tsofaffi ne a jere, kowacce dafe da kujerar roba, ƙafa ɗaya a sama. Hajiya Sanatu, gwanar ajinta, tana gaba tana ƙirga musu da yaren Twi. Kusa da ita ga Mma Wadia, 'yar kashin awo kawai, wadda bai kamata ta san ko motsi ɗaya ba.

Latifa ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta tuna wa Hajiya cewa ta roƙe su kada su nuna wa kowa. Hajiya ta ce ai ba ta nuna wa kowa ba, maƙwabta ne kawai.

"Ko waakye na dafa sai na aika wa Wadia," in ji ta. "Sai maganin faɗuwa zan ɓoye mata? Ta karye a banɗaki in je gaisuwa da wane ido?"

Latifa ta miƙe ta koma cikin rumfa.

Washegari ta hau mota zuwa unguwar Malam, can nesa, neman sababbin tsofaffin da labari bai kai musu ba. Gidan farko, wata Mma Saratu ta ƙare mata kallo.

"Ke ce 'yar ƙafa ɗayan? Sanatu ta turo mana bidiyo. Tsaya ki ga nawa."

Tsohuwa ta ɗaga ƙafa, ko kujera ba ta dafa ba. Wayar Latifa ta yi ƙara: Dakta ne, yana tambaya ko atisayen ya yi aiki.

"Ya yi, Dakta," ta ce a sanyaye. "Amma ba ni da wadda zan nuna bai yi wa ba."